Bashin Minti Uku

Ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta masu noman rani a Matameye, wato mai shan zagi in takarda ta fito a karkace. A ƙarshen Nuwamban 2022 muka raba bashin taki da irin albasa, wa'adi wata uku. Ɗan ƙanwata mai karatu a Damagaram ya ce, "Kawu, ka huta, na'ura za ta yi lissafin." Sunaye da lokacin karɓa suna cikin fayil ɗin XML da waya ta tara, shi kuwa ya rubuta 'yan layukan XSLT da za su ɗora wa'adi a kai.

Ni na raba takardun, har da gyara hula. Wani Alhaji mai gonar rake ya sa jikansa ya karanta masa: ya karɓa ƙarfe 10:12, zai biya 10:15, ranar nan dai.

"Magatakarda," in ji shi, "ko buhun ban aza kan amalanke ba, har na zama mai taurin bashi?"

Kafin azahar ƙofar gidana ta cika maƙil. Na kira yaron, yana ta dariya, ni ina gumi cikin hunturu. Ashe a XSLT P3M wata uku ne, PT3M minti uku. Ma'aunin tsawon lokaci kuma iri biyu ne: xs:yearMonthDuration na shekaru da watanni, xs:dayTimeDuration na kwanaki zuwa daƙiƙu. Na biyun ya ɗauko, na'ura ta ƙi P3M, ya cusa mata T, ta yi shiru. Shi a ganinsa shirun nan amincewa ce, kamar ta budurwa.

Ya gyara, aka sake bugawa, sai sabuwar rigima. Waɗanda suka karɓa ran 28, 29 da 30 ga Nuwamba duk an ce su biya 28 ga Fabrairun 2023, domin watan bai da 29 balle 30, lissafin sai ya ja da baya ya tsaya a ranar ƙarshe. Mutumin ran 30 ya rantse an sace masa kwana biyu, kuma ni yake kallo.

Liman ya zo sulhu, ya ƙara wa wutar makamashi. Shi dai wata uku a wurinsa ganin jinjiri uku ne, kowane kwana 29 ko 30. Yaron ya ce ɗori bisa kalandar Miladiyya kaɗai XSLT 2.0 ke yi. Liman ya tambaya waye shi Malam XSLT ɗin, kuma a ina ya yi karatu.

Ana cikin haka wata Hajiya ta kutso. Ita tun takardar farko ta sayar da akuya ta biya, don gudun abin kunya.

"Magatakarda, ku riƙe kuɗinku. Akuyata nake so, kuma da ciki na sayar da ita."