Keken da Ba Ya Ɗinki Bayan Asham

Duk telan da ke Kano ya san layin mai wibin. Ka yanka kaya, ka ɗora wa yaro ƙunshi ya kai a kashe musu baki don kada yadi ya riƙa zarewa, yaro ya tafi da hantsi ya dawo da la'asar ya ce maka layi ne. A watan Sha'aban ana iya haƙuri. Amma da azumi ya shiga goma na wuya, sai ka yi kamun ƙafa kafin a taɓa kayanka. Shi ya sa da na ɗauki adashi ban tsaya shawara ba, na wuce kasuwar Sabon Gari na sayo nawa keken, mai zare huɗu, da teburinsa da injinsa, aka sauke mini shi daga a-kori-kura a ƙofar shago jama'a suna ta Allah ya sa albarka.

Wanda ya tashi a kan keken ɗinki na yau da kullum gani yake ya gama sanin keke. Zare biyu ne kawai, ɗaya a sama ɗaya a ƙoshiya. Keken wibin kuwa ko ƙoshiyar ma ba shi da ita. Allura biyu ne a jere, da ƙugiyoyi biyu da ake kira lufa, ta sama da ta ƙasa, suna miƙa wa juna zare a bakin yadi, ga wuƙa tana datse bakin kafin zare ya rufe shi. Kowane zare da hanyarsa, da tenshan ɗinsa: faifai biyu na ƙarfe da sifirin ke matsewa, da noti a kai wanda ake murɗawa. Irin na masana'anta yana zuba ɗinki 5,000 zuwa 7,000 a minti, wato kafin ka ce "a'a" ya riga ya ci kamu guda.

Da farko lafiya lau muka zauna. Sai ranar da aikin dare ya fara.

Shagona yana da janareta, don haka da an idar da asham majalisar layinmu takan dawo cikinsa, kowa da wayarsa da cajarsa. Akwai mai gyaran janareta, akwai masu zuwa shan iskar fanka, akwai kuma Baba, mai gidan da nake haya, wanda ya yi aiki a masaƙa a Bompai har aka rufe ta, kuma a ganinsa duk abin da ya shafi zare a duniya a ƙarƙashinsa yake.

Ina cikin kashe bakin wata shadda ruwan toka, jamfar wani bawan Allah da ya biya rabin kuɗi tun kafin a ga wata, sai na ji sautin keke ya sauya. Na ɗaga na duba. Bakin yadin ya nannaɗe, zaren da ya kamata ya kwanta a sama an janyo shi ya leƙa ƙasa. Na sake taka feda. Tas! Zaren lufa ta ƙasa ya tsinke.

Zura zaren lufa ta ƙasa ba aikin mai hawan jini ba ne. Ka buɗe murfin gaba, ka durƙusa, ka ciji fitilar waya da haƙori, ka kama bakin zare da hantsaki, ka bi ramuka ɗaya bayan ɗaya har ka kai wani lungu da sai ka juya wilin keke da hannu kafin ya bayyana. Na zura. Na taka. Tas. Na sake zurawa, gumi na ɗiga a kan shaddar mutane. Tas.

"Taimin ne," in ji mai gyaran janareta. Tun da nake da shi ban taɓa kai masa abu ya ce ba taimin ba ne, har agogon bango. Ya zaro sifana daga aljihu ya nufi cikin keke, na tare shi da kafaɗa.

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Yaro, matsa. Zare huɗu mata huɗu ne. Ka matsa wa ɗaya ka sassauta wa ɗaya, gida ba zai zauna ba. Adalci ake yi." Ya kwance notunan huɗu gaba ɗaya, sannan ya mayar da su yana ƙirgawa, kowanne murɗa shida cif, babu wadda ta fi wata. Aka taka. Abin da ya fito ko a gefen buhu ba za a yarda da shi ba: in ka ja ɗinkin sai ya buɗe baki ka hango zaren allura yana lilo a ciki. Baba ya duba, ya ce zaren yanzu ne ba shi da kyau, ba irin na zamaninsu ba.

Daga nan fa kowa ya samu lasisi. Mai wucewa ya murɗa na hagu, mai jiran caji ya murɗa na dama. Cikin jan yadi da turawa allura ɗaya ta lanƙwashe. Masu sayar da kayan keke sun tashi, sai yarona ya ce, "Oga, ai allura allura ce," ya ciro ta keken ɗinki ya ɗaura. Taku ɗaya aka ji ƙwas, guntunta ya tashi sama. Muka yi ta lalube a ƙasa da fitila, ashe yana cikin shayin Baba.

Can wajen sahur, da sassauta wannan da matse wancan, ɗinki ya ɗan yi kama da na mutane. Na rufe shago ina hamdala. Da hantsi na dawo da sababbin allurai, na taka, sai ga zaren ƙasa ya saki jiki ya haura saman yadi yana reto. Na matse shi, ya daidaita, na yi aiki har magariba ba ko tari. Aka sha ruwa, aka yi asham, majalisa ta taru. Tas.

Haka muka yi ta yi. Rana lafiya, dare tashin hankali. Abin da na gyara da dare ya ɓaci da safe, abin da na gyara da safe ya ɓaci da dare.

To, kun san Kano. Keken da ke aiki da rana ya ƙi da dare ba ya bukatar dogon bincike. Wani ya ce wutar janareta ce ta fi ƙarfinsa. Wani ya ce ai an ɗaure shaiɗanu a azumi, wani ya ce manyan aka ɗaure, ƙananan suna nan suna yawo. Daga ƙarshe ra'ayi ya tsaya a kan mai wibin na bakin layi, wanda na daina kai wa aiki: wa zai ji daɗi a janye masa ciniki ana saura kwanaki Sallah? Aka kawo ruwan tofi a gora za a yayyafa, na ce a yayyafa mini ni dai, ƙarfe tsatsa yake yi. Aka koma hayaƙi. Kayan Sallar mutane suka kwana suna ƙanshin habbatus-sauda. Yarona ya leƙa wayarsa ya sanar da majalisa cewa kamfanin Merrow na Amurka ne ya fara ƙera irin wannan keke tun shekarun 1880, kuma bai ga inda aka rubuta maganar aljanu ba. Aka ce ya yi wa mutane shiru, Turawa me suka sani.

Mai jamfa ruwan toka kuwa kullum yana tafe. Na ce masa gobe in Allah ya yarda. Ya ce jiya ma haka na ce. Na ce to ai ka ga ban sauya magana ba.

Da goma na ɗokin Sallah ta kama, na saɓa hula na tafi wurin wanda ake zargi. Na same shi a bayan tulin kaya, ya saurare ni bai ɗago kai ba, sannan ya ce, "Malam, da ka tambaye ni kafin ka saya, da na raka ka. Je ka, ina zuwa bayan azahar."

Bai zo da sifana ba. Kwarkwaron zare huɗu ya zo da su, ja da kore da shuɗi da rawaya, da ɗan buroshi, da farin ƙyalle. Ya fara da tambayar wa ya taɓa sukurun lufa. Na ce babu. Ya ce to na yi arziki, don wanda ya kwance wannan sai an kira makaniki na gaske. Ya ga guntuwar allurar da muka ajiye a kan tebur, ya ɗora ta kusa da tasa. Ta keken ɗinki DBx1 ce, ta wibin DCx27, kuma ta farkon ta fi tsawo da kusan milimita 5, don haka kan lufa take sauka kai tsaye. Ya nuna wa yarona yadda ake tura allura har ta tokare a sama, dogon layin jikinta yana kallon mai ɗinki. In ta ɗan sauko ko ta juya, keke ya riƙa tsallake ke nan.

Sannan ya buɗe faifan tenshan ɗaya bayan ɗaya ya ja ƙyalle a tsakaninsu. Burbushin yadi ya fito dunƙule-dunƙule. Ya ce faifan da datti ya tokare, ko ka murɗa noti har ya ƙure ba zai kama zare ba. Ya zare zarurrukan duka, ya sake zurawa yana bin zanen da ke cikin murfi: lufa tukuna, allurai daga ƙarshe. A nan na ji dalilin tas ɗin da ke bin tas. In zaren lufa ta ƙasa ya tsinke ka mayar da shi alhali allurai na da zarensu, sai ya hau kan nasu su sarƙe, taku kaɗan ya sake tsinkewa. Sai an cire na allurai, ko a janye su daga ƙarƙashin lufa, kafin a zura.

Da ya taka a kan farin ƙyallen, sai kowane zare ya fito da shaidarsa. Kore a sama, ja a ƙasa, kuma wurin haɗuwarsu daidai kan bakin yadi, ba sama ba ba ƙasa ba. Ya ce in kore ya leƙa ƙasa, ko shi ne ya yi sako-sako ko ja ya yi tsauri. In ja ya hauro sama, akasin haka ne. In shuɗi ko rawaya sun yi ƴan kunnuwa a bayan yadi, na allura ne ke son matsi, in yadi ya tattare kuma sun matsu da yawa. In kore da ja duka sun zarce bakin yadi suna reto a iska, a duba wuƙa, wataƙila ta ci yadi fiye da kima. Noti ɗaya ake taɓawa, kaɗan, a gwada, sannan a taɓa wani. Na gaya masa hukuncin Baba na murɗa shida-shida. Ya yi dariya har da tari, ya ce zaren allura shi ke riƙe ɗinki, dole ya fi na lufa matsi.

Ya bar keke yana zuba aiki gwanin sha'awa. Aka yi asham. Tas.

Majalisa ta ce ai ga shi nan, ya zo da rana ya sabunta aikinsa. Washegari na koma na gaya masa har da abin da ake faɗa a kansa. Bai ji haushi ba. Ya ce zai zo da dare, amma kada a ce masa ya taɓa komai.

Ya riga kowa zuwa, ya zauna a kan benci yana kallo ina ɗinki lafiya. Mai janareta ya shigo ya sa caji. Masu fanka suka jeru. Sai ga Baba da sallama.

"Sannu da zuwa, Baba. An sha ruwa lafiya?"

"Lafiya ƙalau, sai zafi." Ya cire hularsa zanna-bukar, ya share gumi, ya waiga, ya rataye ta a inda ya saba tun ranar da aka fara aikin dare: ƙarshen sandar da ke tsaye a bayan keke, wadda zare ke hawa daga kwarkwaro kafin ya gangaro. Hular ta zauna daram a kan ramin jan zare. Taku kaɗan, tas.

Mai wibin ya tashi, ya ɗaga hular da hannu biyu cikin ladabi, ya ce in zura in taka. Ɗinki ya fito sumul. Ya mayar da ita. Bakin yadi ya fara nannaɗewa. Ya sake ɗagawa. Shago ya yi tsit, mai gorar tofi ya tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa. Tela idonsa na kan allura, kuma hula a rataye a shago ba abin da ido ke tsayawa a kai ba ne. Ita ke danne zare da dare mu sassauta noti, da safe ba ta nan zare ya saki.

Saura wa zai gaya wa Baba. Haya ta kusa ƙarewa, ni kuwa ban shirya tashi ba. Baba da kansa ya raba gardama. Ya karɓi hularsa, ya juya ta, ya ce dama tun ranar farko ya lura sandar nan ba a kafa ta daidai ba, a masaƙa ba a yin irin wannan ganganci. Muka ce gaskiya ne, Baba. Na buga ƙusa a bango, ya ce ƙusa huda hula take yi. Sai da na sayo maratayi na katako, na kafa shi nesa da keke, yarona kuma ya zama mai tarbar hula daga bakin ƙofa.

Mai wibin ya ƙi karɓar ko sisi, amma ya bar mini rabin layinsa na daren jajibere in taya shi, kyauta. Wannan ne ya sa wasu kayan nawa ba su samu Idi ba.

Mai jamfa ruwan toka da ya rantse ba zai sake tako shagona ba: kayanka sun kammala tun ranar Hawan Nasarawa, an goge an ninke, ƙanshin hayaƙin ma ya fita. Ka zo da cikon kuɗi.