Yadda Za Ka Zama Gwanin Sababbin Waƙoƙi a Fadarku, Ko da Ba Ka Saurara Ba

A fadojin samarin Magarya da Dungas, ɗan'uwa, daraja tana wurin wanda ya fara kawo waƙa. Daɗinta kowa na da kunnen ji, amma riga kowa sai mai rabo. In kana son a riƙa miƙo maka kofin shayin farko, a kuma yi tsit in ka yi gyaran murya, to ka tabbata duk sabon kundi ta salularka yake shigowa gari.

Allah ya riga ya taimake ka da mazauni. Yamai tana can kusan kilomita 1000, Kano kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce, shi ya sa waƙar da aka gama haɗawa a situdiyon Kano takan iso mana da ɗuminta. In a Magarya kake, ƙulla abota da direban da ke bin hanyar Babban Mutum. In a Dungas ko Dogo-Dogo kake, nemi yaron dillalin da ba ya fashin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka riƙa ce masa "babban yaya" ko da ka girme shi. Kada rufe iyaka ya tayar maka da hankali. Da Najeriya ta garƙame tata a watan Agustan 2019, shinkafa ta sha wuyar ƙetarawa, amma "Jaruma" ta Hamisu Breaker, da ta fito a 2020, ta shigo har ɗakunan amare ba wanda ya tambaye ta takarda.

In duk waɗannan sun gagara, ga mai turi nan a bakin tasha. Ka san rumfarsa: benci guda, tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da roba, da katako cike da salulolin da ke caji, kowace an manna mata lamba don kada a yi musu da yamma. Yana karɓar naira, yana karɓar sefa, kuma lissafin canjin a kansa yake, kullum kuma shi ke da riba. Kada ka ce masa "me ya fito?", wannan tambayar baƙauye ce. Miƙa memori ka ce, "Zuba mini na wannan satin, ban da waɗanda ka ba yara." Zai kwafa maka abin da ya ba kowa, amma da ladabi. Za ka tarar rabin waƙoƙin ba su da suna sai lambobi, wasu an liƙa musu hoton mawaƙin da bai san da zamansu ba, kowace kuma tana farawa da ihun wani mai shafin intanet yana tallar kansa. Ka bar su haka. Waƙar da ba ta da suna, duk sunan da ka raɗa mata a fada shi ne nata.

Yanzu ga asirin sana'ar. Ba a sauraron kundi gaba ɗaya. Batir bai kai ba, gona kuma na jira. Ji ta farko don kada a kama ka, sai ka tsallaka ta bakwai. Da an taru an ɗora buta a gawayi, ka jira har wani ya fara yabon wadda ke tashe a TikTok, sannan ka girgiza kai a hankali ka ce, "Wannan ai ta talla ce. Lamba ta bakwai ita ce kundin." Ba wanda ya kai can, don haka ba mai musa maka. In an kunna ta aka ji ba wani armashi, ka ce sai an ji ta sau uku take shiga jiki. Kafin a kai na uku an shiga hirar ƙwallo.

Akwai jimloli biyu da ba su taɓa ba mai su kunya ba. Ɗaya ita ce "ya yi ƙoƙari, amma bai kamo na bara ba." Ɗayar kuma "kiɗan ya danne baitin." Ta farkon tana aiki a kan kowane mawaƙi, kowace shekara, har da wanda bai saki komai ba bara, muddin ka faɗe ta da sanyin murya.

Dole kuma ka zaɓi ɓangare, domin mai ra'ayin kowa ba ya da mabiya. In ka bi Nura M. Inuwa, makaminka hikima da zurfin baiti, kuma ka riƙa lumshe ido kana ɗaga yatsa a tsakiyar waƙa kamar ka hango abin da ya ɓace wa sauran. In Umar M. Shareef ka ɗauka, ka tsaya a kan murya da iya rarrashi, ka bar mutane su yi zaton akwai wata a Bande da ta ja maka wannan ra'ayi. Waƙoƙin Rarara kuwa za ka yi musu a kansu har jijiyar wuya ta tashi, alhali ko katin zaɓen Najeriya ba ka da shi. Irin su "Warr" ta Ado Gwanja, da ta karaɗe ko'ina a 2022, suna da nasu ladabin: in akwai babba kusa, ka ɗaure fuska ka ce zamani ya lalace. In ya wuce, ka matsa kusa da mai salular ka ce, "Buɗe Xender mana."

Babban nan ma akwai yadda ake bi da shi. Zai tsaya da sandarsa ya ce tun da Shata ya rasu a 1999 ba a sake yin waƙa ba, sai hayaniyar inji. Kada ka ja. Ka ce, "Gaskiya ne, Kawu, ina ma irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram." In ka ƙara da Mamman Barka da biram ɗinsa, Allah ya jiƙansa, to ka gama da shi, zai zauna ya ba ku labari har shayi na uku ya huce, gobe kuma ya gaya wa mahaifinka cewa kai kaɗai ne mai hankali a fadar.

Wanda ya fi hatsari shi ne ɗalibin da ya dawo hutu daga jami'ar Damagaram da abin ji a kunne. Zai kunna jitar Mdou Moctar, ya ce ga kundinsa na 2024, "Funeral for Justice", Turawa na ta rububinsa ku kuna nan kuna barci. Kada ka rikice. Tuna masa cewa kundin farko na mutumin, "Anar", a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kuma ta Bluetooth da memori ya zaga Sahel, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinto waƙarsa a salulolin mutane ya sa ta cikin tarin "Music from Saharan Cellphones". Sai ka bugi ƙirji ka ce irinku masu turi ne suka kai shi Amurka. In wani mai neman rigima ya tambaya ko dala nawa mawaƙin ya samu daga duk wannan turin, ka leƙa buta ka ce sukari bai ji ba.

Yaron unguwarku da ya sayar da tunkiyarsa ya je ya buga waƙoƙi shida kuwa, kada ka kuskura ka yabe shi tukuna. Gwani ba ya yabon wanda ya san uwarsa. Bari sai ya bi sawun Fati Nijar ya tafi Kano, waƙarsa ta dawo ta Maigatari da ihun mai talla a farkonta. Ranar sai ka ce tun yana tallar rake ka ga alama.

Wata rana dai za a riga ka, galibi ma ƙanwarka ce, don 'yan mata a wurin biki suke yanke wa waƙa hukunci tun kafin ta iso fada. In wani ya kunna sabon kundin da ba ka taɓa ji ba, ka yi hamma ka ce tun shekaranjiya kake da shi, memori ne ya cika ka goge. Bayan sallar isha'i ka bi shi lungu da naira ɗari a hannu, ka roƙe shi kada ya faɗa wa kowa.