Hutun Ƙasaita a Garuruwan Gwamnoni

Taubashina, wanda zaman Abuja ya sangarta, ya rantse lissafinsa ba ya kuskure. Bakura ta ba Zamfara Ahmad Sani Yarima a 1999, Talata Mafara ta ba ta Abdul'aziz Yari a 2011, Maradun kuma Bello Matawalle a 2019. Garuruwan da suka haifi gwamnoni uku, in ji shi, ba a rasa otal mai wurin ninkaya a cikinsu. Ni aka ja ɗan rakiya.

Ya ci sa'a, ko rashinta, muka shiga Mafara ranar Talata, kasuwa ta cika ta batse har bakin titin Gusau zuwa Sakkwato. A wani masauki ya ajiye jakarsa mai taya, ya nemi ɗakin da tagarsa ke kallon ruwa. Yaron masaukin ya dube shi sama da ƙasa. "Alhaji, wanga ɗaki janareta shika kallo." Na'urar sanyaya ɗaki kam tana nan maƙale a bango, wutar ce ba ta zo ba. Wurin ninkayar kuwa bokiti ne da moɗa.

Da daddare ya tambayi wata mai abinci takardar jerin girke-girkenta. Ta ce, "Ɗana, mi kaka so? Tuwon shinkafa na, sai hoce." Ya zaɓi hoce, don sunan ya yi masa kama da na abincin Faransa. Har da neman cokali mai yatsu! Ya soka, hocen ya yi tsalle ya dira gaban wani mai sayar da rake, wanda ya yi bismilla bai ce uffan ba. Daga nan mutumin naka ya naɗe hannun riga. Ban taɓa ganin ya ci abinci da gaske irin na daren nan ba, sai suɗe yatsu yake.

Washegari sai dam ɗin Bakolori, kuma nan ne kaɗai lissafinsa ya yi daidai, don abin kallo ne na haƙiƙa. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina shi a kan kogin Sakkwato, aka kammala a 1978, tsawon bangonsa ya haura kilomita 5. Da ruwansa ake noman rani daga Maradun har Bakura. Dattawa ba su manta da 1980 ba, shekarar da 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Taubashi ya yi jim, ya cire baƙin gilashinsa. Bai daɗe ba ya mayar, ya ce a ɗauke shi hoto a bakin magudanar ruwa.

"Ja da baya kaɗan," na ce. Ya ja. Farar shaddarsa da ta sha bugu ta shige laka har gwiwa, takalmi ɗaya ya zauna can.

Bakura a guje muka gan ta, domin direba ya ce da halin da hanya ke ciki, ba ya yarda la'asar ta same shi a daji. Taubashi na baya, sanye da wandon aro da silifas, yana ciniki ta taga. Buhun albasa biyu ya saya da na shinkafa ɗaya, ni aka ɗora wa jakar mai taya a cinya har Gusau.