Ajin da Ba a Faɗuwa

A shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a Kaduna, darasin Turanci na 'yan firamare ya koma rediyo, tsarin da masana ke kira karatu daga nesa, wato malami yana wuri guda, ɗalibi kuma yana inda Allah ya ajiye shi. Ƙa'idarsa ita ce malami ya yi tambaya, ya ɗan dakata, sannan ya yaba wa amsar da bai ji ba. Ta haka yaran Kawo da Unguwar Rimi suka sha yabo, har da waɗanda aka aika sayo kalanzir. Kakanni kuwa, masu rediyon, ba su taɓa fashin aji ba.