Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba BIOS

Ranka ya daɗe, Sarkin Ƙofar Kwamfuta,

Tun 2005 Intel ya fara saka wa ƙwaƙwalwar kwamfuta wata baiwa mai suna VT-x, AMD ya biyo da AMD-V a 2006. Da ita ake tayar da kwamfutar gwaji a cikin kwamfuta, a ɗora mata fayil ɗin ISO na wani tsarin aiki, a ga ko zai tashi kafin a kwafe shi a filashi. In ya ƙi, a goge shi, bayanan mutum na nan lafiya lau. Hyper-V na Windows ba ya aiki sai da ita, haka ma KVM, da ya shiga Linux a 2007.

Jiya da daddare talakan Mai Martaba ya ƙarar da datar wata guda wajen sauke Ubuntu, amma kwamfutar gwaji ta ce ba ta san zancen ba. Task Manager ya nuna baiwar tana nan, an dai kashe ta ne. A fadar wa? Fadar Mai Martaba.

Shiga fadar kuwa sai mai rabo. Wata kwamfutar F2 take so, wata F10, wata Del, wata Esc, ƙofar kuma kafin ƙiftawar ido an rufe ta. Haka dattijo da gemunsa zai yi ta dukan maɓalli kamar mai kiɗan kalangu, Windows ta buɗe abinta, a sake kashewa a sake kunnawa. An shiga ma da sauran aiki. Nan sunan abin Intel Virtualization Technology, can SVM Mode. Wani allon ya ɓoye shi a Advanced, wani a Security, wani har cikin sashen ƙara wa ƙwaƙwalwar gudu. Haba BIOS! Kaya an saye shi da kuɗi, an biya har da baiwar, sannan a kulle ta a ƙuryar ɗaki a canja mata suna? Wannan ai cin amana ne da rana tsaka, kuma babu ko ɗan rubutu da zai ce ga inda take.



Roƙon ɗaya ne: a bar makunnin baiwar a kunne, in kuma hakan ya fi ƙarfin sarauta, a dawo da shi shafin farko da suna guda.

Wassalam,
Talakan da bai runtsa ba.