Masu Shan Giyar Dafin Hannu, Daga Bakin Direbansu

Akwai tambayar da mai hankali ba ya yi wa Bature da yammacin Juma'a a birnin Brussels: wace giya ka ɗanɗana kwanan nan da ta burge ka? In ka kuskura ka yi ta, to ka nemi kujera. Ni ba na sha, abokan aikina kuma sun sani, shi ya sa ma ba sa fita sai da ni, don in dare ya raba dole a sami mai idon tuƙa mota. Nawa riƙon makulli da ruwan lemo, ladana kallo.

Waɗannan ba su ne 'yan giyar da muka sani ba, masu tangaɗi da zagin gari. Su a wurinsu buguwa ma abin kunya ce, alamar ƙarancin ilimi. Abin da suke bi shi ne giyar ƙananan masu dafi, wadda ake yi ganga kaɗan a wani tsohon sito ko gareji, a laƙaba mata suna mai ban dariya da farashi mai tsinka zuciya. A Amurka abin ya fara tashe. A ƙarshen shekarun 1970 wuraren dafa giya a duk faɗin ƙasar ba su kai 100 ba, yau kuwa sun haura 9,000. Beljiyam dama can gidan abin ce, har UNESCO ta sa al'adar giyarta cikin kayan gadon duniya a 2016. Da giya ta yawaita haka sai shanta ya koma surutu, kowa kuma da irin bakinsa.

Shugaban tebur shi ne mai shinshina. In an ajiye masa tambulan ba zai kai baki ba sai ya ɗaga shi saitin fitila, ya karkace kai, ya jujjuya shi a hankali, ya cusa hanci har kumfa ta taɓa masa gashin baki. Daga nan ya lumshe ido. Kowa ya yi tsit, ana jiran hukunci. Can sai ya ce yana jin ɓawon lemo, da ɗan ƙaurin burodi, a ƙasa-ƙasa kuma akwai bargon doki. Bargon doki fa! Kuma yabo ne, don haka suke kiran warin da wani yis na daji ke bari a giya. Akwai wanda suke ce wa fitsarin kyanwa, shi ma wani zubin da murmushi ake faɗarsa. Jiƙaƙƙen kwali kaɗai na ji duka teburin ya yarda aibi ne. Inda mutumin da ya tashi a saman bene yake kuma zuwa ofis a jirgin ƙasa ya taɓa shinshinar bargon doki, wannan sai shi. Har jarrabawa ake yi ta wannan sana'a a Amurka, a ba mutum takardar shaidar Cicerone, kuma namu kullum yana cikin shirin zama. Babu abin da ke ɓata masa rai irin a zuba masa giya a tambulan da ba nata ba, kuma a nan ƙasar ce ta ɗaure masa gindi, don a Beljiyam kusan kowace giya da nata. Akwai mai dogon wuya da zagayayyen gindi wanda ba ya tsayuwa sai an saƙala shi a katako. A birnin Ghent har da mashayar da in ka nemi babban tambulanta sai ka cire takalmi ƙafa ɗaya ka ba da jingina, a jefa a kwando a ja shi can kusa da rufi, saboda masu dogon hannu. Mai shinshina yana ba da wannan labari ne a matsayin shaidar wayewar kai.

Kusa da shi sarkin ɗaci yake zama. Shi duniyarsa furen nan ne da ake kira hops, na wani tsiro mai yaɗo wanda masana suka ce dangin wiwi ne, shi ke sa giya ɗaci yana kuma hana ta saurin lalacewa. Ba ya shan komai sai IPA, kuma kafin ya tambayi kuɗi sai ya tambayi lambar ɗacinta, don har ma'auni gare shi. Ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba zai ba ka tarihinta: yadda Turawan Ingila ke loda giya a jirgin ruwa zuwa Indiya, a yi watanni ana kewaya Afirka, sai aka riƙa tula mata furen don ta isa da rai. Yana gamawa sai ya kurɓa. Fuska ta yamutse, ido ya kawo ruwa, jijiyar wuya ta miƙe, sannan ya ce, "Daɗi!" Da a gida ne, abu mai ɗacin nan sai an danne yaro an toshe masa hanci ake ɗura masa, kamar jiƙon maɗaci. Shi kuwa da kuɗinsa ya saya, har da tukwici ga mai kawowa.

Akawu ba ya shan giya ɗaya sau biyu. Tun da aka fito da manhajar Untappd a 2010 ya zama ma'aikacinta ba albashi: ya ɗauki hoto, ya ba da maki, ya jira lambar yabo ta faɗo masa a waya. Kurɓi ɗaya ya ishe shi, daga tambulan kowa. Ya taɓa tsura wa ruwan lemona ido, yana lissafin ko za a karɓa in ya shigar.

Mai tattaki shi ne ya fi ba ni tausayi, don giyar da ake samu a kanti ba giya ba ce a wurinsa, sai wadda aka sha wuya kafin a gan ta. Can yammacin Beljiyam, a ƙauyen Westvleteren, akwai gidan ibada na sufayen Kirista da ake kira Sint-Sixtus. Suna dafa giya gwargwadon abin da zai riƙe gidan, ba sa ƙarawa don kasuwa ta buɗe. A 2005 masu ba giya maki a shafin RateBeer suka ce tasu mai lamba 12 ta fi kowace giya a duniya, sai duniya ta yo caa a kan bayin Allah da suka guje mata. Shekara da shekaru sai ka buga waya ka yi ta bugawa, in ka dace an ɗauka a rubuta lambar motarka a sa maka rana, ka kuma yi alkawarin ba za ka sayar ba. Yanzu a intanet ake bin layin. Mai tattaki ya bi wannan, kuma burinsa na gaba shi ne Santa Rosa a Kalifoniya, inda ake fitar da wata mai suna Pliny the Younger sau ɗaya a shekara, mutane su yi sa'o'i a tsaye a bakin titi. To, ya samo akwatinsa na giyar sufayen, me ya yi da shi? Ya sauke shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wai tana girma. In ka kai masa ziyara zai kunna fitila ya nuna maka kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya kashe fitila, ku hau sama ya ba baƙinsa giyar kanti.

Dattawa biyu ne a ƙarshen tebur. Bajamushe yana da shekara ɗaya tak a bakinsa, 1516, lokacin da Wilhelm na Huɗu, mai mulkin Bavariya, ya kafa doka a Ingolstadt cewa ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hops. Duk abin da ya wuce ukun nan a wurinsa miya ce. Mai shinshina kan tuna masa cewa dokar ta manta da yis, wanda in babu shi babu giyar, kuma an yi ta ne har don a bar wa masu burodi alkama. Daga nan sai musu ya kaure. Ɗan Ingila kuwa ɗan ƙungiyar CAMRA ne, wadda aka kafa a 1971 don kare giyar ganga da ake tatsowa da famfon hannu, ba sanyi sosai, ba iska sosai. Su biyun sun yarda cewa yara sun ɓata sana'a. Bayan wannan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Sai mai gaba. Jiya yana sanye da rigar wani ƙaramin kamfani, yana rantsuwa babu kamar giyarsu. Yau ya karanta cewa babban kamfani ya saye su, sai ɗanɗano ya canza masa nan take, alhali kwalbar tun watan jiya take cikin firjinsa. Yana riƙe da ranakun cin amana a ka: 2011 da Anheuser-Busch ya sayi Goose Island na Chicago, 2015 da aka sayar da Ballast Point a kan dala biliyan 1. Hedikwatar AB InBev, kamfanin giya mafi girma a duniya, tana nan Leuven, ba nisa da Brussels, in muka bi ta wajen sai ya kau da kai. Shi kansa a babban banki yake aiki.

Mai dafi a gida kuwa matarsa ce abar jajantawa. Wannan annoba ma daga Amurka ta taso, bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978. Banɗaki ya cika da bokitai da tiyo, ɗakin baƙi ya koma wurin ajiyar buhunan sha'ir, gida ya ɗauki tsami. In ya zarce da sukari wajen cika kwalba, da tsakar dare sai ka ji tau! tau! kwalabe na fashewa a cikin kabad, maƙwabta na leƙowa ta taga. Kowace Kirsimeti sai ya raba wa ofis kwalba bibbiyu, kowa ya yi godiya ya kai gida riƙe nesa da jiki. Baɗi zai ajiye aiki, in ji shi, ai Ken Grossman ma da tsofaffin tankunan madara ya fara Sierra Nevada a 1980. Baɗin nan ta daɗe tana zuwa.

Akwai kuma mai neman abin al'ajabi, wanda in ba a sa kofi ko barkono ko kawa a giya ba bai ga abin sha ba. Gwarzayensa su ne 'yan BrewDog na Scotland, da suka fitar da giya mai ƙarfin kashi 55 cikin 100 a 2010, suka cusa kwalaben cikin gawar kurege, bakin kwalba na leƙowa ta bakin dabba. Shi ne ya zo mini da zumuɗi wai an gano wani jan fure mai tsami da ke rina giya. Da ya nuna hoto, zoɓo ne. Bayan nan ya zo da labarin wani tsohon hatsin Afirka da Brooklyn Brewery ta New York ke dafi da shi. Acca ce. Da na ce masa a Jos kunu ake yi da ita da tuwo, ya ciro biro ya rubuta.

Wanda duk wannan bai taɓa burgewa ba shi ne wani mutumin Filato da ke biyo mu jefi-jefi. Gwaggonsa mai burukutu ce, a gabansa ake jiƙa dawa a rufe ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, a bar ta a tulu ta tashi. Babu kwalba babu takarda, ranar da ta nuna ranar ake shanyewa a ƙwarya, kuma mai saye yana da ɗanɗano kyauta kafin ciniki. Aka kai shi Cantillon, tsohon gidan dafi na Brussels tun 1900, inda ake zuba ruwan dafi a faffaɗan faranti na jan ƙarfe a ƙarƙashin rufi a bar shi ya kwana a buɗe don yis na iska ya faɗa, ba a kuma share yanar gizo-gizo saboda ita ke kama ƙwari. Turawa na ta rage murya don girmamawa. Aka miƙa masa tsamammiyar giyar, ya kurɓa, ya ce wannan ai kwantai ce, da gwaggonsa ce da ta rage kuɗi. Ya kuma shaida wa mai neman al'ajabi cewa giyar dawa da yake zumuɗi a kai, tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 manyan kamfanonin Najeriya suka koma kanta, kuma ba wanda ya ba su lambar yabo.

Na ƙarshe namu ne, ɗan'uwa da ya zo taron ƙara wa juna sani na kwana uku, ya zaɓi lungun da ya tabbata babu wanda ya san shi. Ido na haɗuwa sai tambulan ya fara tafiya da kansa zuwa bayan takardar abinci.

"A'a, Malam! Kai ne a nan?"

"Ni ne, Yallaɓai. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ka ga wannan ko? Irin marar barasar nan ce da suke yi yanzu, sifili ɗigo sifili. Likita ne ya ce tana wanke ƙoda."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, da niyyar in wuce. Sai ga mai shinshina ya biyo ni. Ya ga baƙo, ya gaisa, ya nemi izini cikin ladabi, ya ɗaga tambulan saitin fitila, ya cusa hanci, ya lumshe ido. Da ya buɗe sai ya kama hannun Yallaɓai da hannu biyu, ya ce in gaya wa ɗan'uwana ya iya zaɓe, wannan ta sufaye ce, mai ƙarfin kashi 10, ba kowane baƙo ke gane ta ba. Yallaɓai ya dubi tambulan, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Ka ga mutanen nan ko, Malam? Ashe cutata suka yi. Kuma wannan ce ta uku."