Takardar Baba Mai Gadi

A unguwar Bronx ta birnin New York akwai wani shagon aski inda mutanenmu na zangon Kumasi da na Maraɗi da na Kano ke haɗuwa bayan an sauko daga Juma'a. Kaɗan ne aski ke kawowa, saura hira ce. A ƙarshen 2019 hirar ba ta wuce mace ɗaya ba: Elizabeth Warren, sanatar jihar Massachusetts, wadda a lokacin take neman jam'iyyar Democrat ta tsayar da ita takarar shugaban ƙasa.

Mutum biyu ne suka riƙe majalisar. Akwai Alhaji, direban tasi, mai yini da rediyon masu ra'ayin riƙau a kunne. Akwai kuma wani saurayi ma'aikacin asibiti, wanda ya manna hoton matar a bayan wayarsa.

Alhaji ba ya kiran sunanta. Laƙabin da Donald Trump ya laƙaba mata don shaguɓe kan asalinta yake faɗi, Pocahontas. "Wadda ta yi ƙaryar asali," in ji shi, "me kuma ba za ta yi ƙarya a kansa ba?" Kuma yana da abin riƙo. Tun daga 1986 zuwa tsakiyar shekarun 1990 sunan Warren ya fito cikin 'yan tsiraru a kundin malaman shari'a na jami'o'in Amurka. A katin rajistar lauyoyi na jihar Texas na 1986 ta rubuta kanta cikin 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. Da surutu ya yi yawa, a Oktoban 2018 ta fitar da gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ya nuna alamar kaka ɗan asalin ƙasar, can baya tsakanin zuriya shida zuwa goma. Al'ummar Cherokee, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar, ta fito ta ce ba da gwajin jini ake zama ɗan ƙabila ba, kuma abin ya ɓata musu rai. A farkon 2019 ta nemi gafararsu. Alhaji yakan ƙara da cewa mai zagin manyan kamfanoni ta taɓa yi musu aikin lauya, har da Dow Chemical da kamfanin inshora na Travelers. Wannan ma haka ne; a Disambar shekarar ofishin yaƙin neman zaɓenta ya bayyana cewa ta samu kusan dala miliyan 1.9 daga irin wannan aiki cikin shekara talatin da wani abu.

Abin da Alhaji bai taɓa ambata ba shi ne binciken da jaridar Boston Globe ta yi a 2018, ta bi takardu ta tambayi waɗanda suka ɗauke ta aiki, ba ta ga alamar cewa batun asali ne ya ba ta kujerar koyarwa a jami'ar Harvard ba. In an kawo masa wannan sai ya ce jaridarsu ce.

Ana cikin haka wata Juma'a Baba mai gadi ya shigo. Dattijo ne mai gadin dare a wani ginin ofisoshi, yana jin Turancin aiki, amma karatun boko bai zauna masa ba. Ya zaro ambulan daga aljihun rigar sanyi ya miƙa wa Alhaji.

"Alhaji, taimaka ka duba mini wannan. Na ga jan rubutu a sama."

"To Baba, ajiye nan, bari in gama da yaron nan."

Yaron kuwa ya riga ya miƙe tsaye. Ya fara daga inda ya saba farawa: 'yar talakawa ce daga Oklahoma, tana shekara 12 ciwon zuciya ya kwantar da mahaifinta, uwarta ta kama aikin amsa waya a kantin Sears don kada a ƙwace gidansu. Ta zama farfesa a kan dokar karayar arziki. A 2007, tun kafin bankunan Amurka su durƙushe, ta rubuta cewa ƙasar da ba ta yarda a sayar da na'urar gasa burodi mai iya ƙona gida ba, bai kamata ta yarda a sayar da bashin da zai raba iyali da gidansu ba. Daga wannan rubutu aka haifi hukumar kare jama'a daga zaluncin bankuna da masu ba da bashi, CFPB, a cikin dokar Dodd-Frank ta 2010. Sai ya kawo Wells Fargo: ma'aikatan bankin sun buɗe asusu wajen miliyan 2 da sunan mutane ba da saninsu ba, aka ci bankin tarar dala miliyan 185 a 2016, aka kori ƙananan ma'aikata 5,300, shugaban bankin John Stumpf kuma yana zaune daram, har Warren ta titsiye shi a gaban kwamitin majalisar dattawa ta ce ya sauka. Wata guda bai cika ba ya sauka.

Duk gaskiya ne. Sai dai shi ma saurayin yana da nasa abin tsallakewa. Warren ba ta taɓa shugabantar hukumar ba. Shugaba Obama ya sa ta kafa ta, ya ga 'yan Republican ba za su bari a tabbatar da ita ba, ya miƙa sunan Richard Cordray a 2011. Badaƙalar Wells Fargo kuma jaridar Los Angeles Times ce ta tono ta tun 2013, lauyan birnin Los Angeles ya shigar da ƙara a 2015, hukumar ta zo a bayansu. In an taɓo zancen Cherokee sai saurayin ya ce sharrin maƙiya ne. Wannan ne ya fi damuna a cikin zancensa. Mutanen da aka kora daga ƙasarsu da bakin bindiga a ƙarni na 19 sun ce an yi wasa da sunansu, ita kanta wadda ta yi ta amsa laifi, amma masoyinta ya ce babu laifi. Ashe masoyi kan fi mai abu zaƙewa.

Har aka kira la'asar ambulan yana kan benci. Baba ya ɗauka ya mayar aljihu.

Juma'a ta zagayo, ya kawo wa saurayin. "Ɗana, kai da ka yi boko." Saurayin ya karɓa da hannu biyu, ya ce insha Allahu yanzun nan, har ya zare takardar rabi. Sai Alhaji ya shigo yana cewa hukumar nan ba ta da amfani, ƙarin ma'aikatan gwamnati ne kawai masu takura wa 'yan kasuwa, ba kuma mai iya tsawata musu. Takardar ta koma cikin ambulan. Mako na uku Baba bai ma sami inda zai sa baki ba, don ranar ce mai aski ya faɗa musu cewa matar da suke faɗa a kanta 'yar Republican ce a rajista har zuwa 1996. Ita da kanta ta ce ta shiga binciken masu karayar arziki tana zaton 'yan damfara za ta tarar, sai ta tarar da mutanen da aiki ya kuɓuce musu, ko rashin lafiya ta cinye, ko aure ya mutu, daga nan ra'ayinta ya juya. Alhaji ya ce ka gani, ba ta da alƙibla. Saurayin ya ce ƙarya ce, bai taɓa jin haka ba.

A Juma'a ta huɗu Hajiya mai abinci, wadda shagonta ke jikin na mai aski, ta shigo da kular wake da shinkafa. Ta ga dattijo zaune a ƙarshen benci da takarda a cinya.

"Baba, lafiya? Tun wancan watan nake ganinka da wannan."

Ta goge hannu a zani ta karanta. Wani kamfanin karɓar bashi ne ke neman dala dubu biyu da 'yan kai, na katin bashi. Baba ya rantse bai taɓa riƙe irin wannan kati ba. Ta duba kwanan watan da ke sama, ta ƙirga da yatsu, fuskarta ta sauya. Dokar Amurka ta ba wanda aka aiko wa irin wannan takarda kwana 30 ya musanta bashin a rubuce. In ya yi, dole kamfanin ya dakata har sai ya kawo hujja. Kwana biyar suka rage.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ga saurayin. "Ƙanena, hukumar nan da kake yabo, yaya ake kai mata ƙara?"

Ya buɗe baki, ya duba wayarsa, ya ce zai bincika.

"Alhaji, kai kuma da ka ce ba ta da amfani, in ba ita ba ina Baba zai je? Gaya mana, mu kai shi yanzu."

Alhaji ya ce sai dai a nemi lauya. Ta tambaye shi nawa lauya ke karɓa, nawa kuma ake biyan mai gadi a awa. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Wata guda," in ji ta, "dattijo yana zaune a tsakiyarku."

A kan teburin shagonta aka rubuta wasiƙar musantawa, aka aika ta gidan waya ta hanyar da ake ba da shaidar isarwa. 'Yarta mai karatun sakandare ta buɗe shafin hukumar a intanet ta shigar da ƙorafin Baba. Ƙa'idar hukumar ita ce ta tura wa kamfani, shi kuma ya amsa, galibi cikin kwana 15. Amsa ta zo. Bashin na wani ne mai suna irin na Baba, suka janye. Saurayin ne ya karanta masa amsar, ya karanta har ƙasa, sannan ya ce Baba ya yafe masa. Alhaji bai ce komai ba, amma a makon shi ya riƙa kai Baba wurin aiki a motarsa.

Warren ta janye daga takara a Maris na 2020, bayan ta zo ta uku a jiharta. Hukumar ta ci gaba. A lissafinta, ta samar wa jama'a sauƙi da mayar da kuɗi na sama da dala biliyan 21 tun buɗe ta a 2011. A Fabrairun 2025 gwamnatin Trump ta ɗora Russell Vought a kanta, ya umarci ma'aikata su ajiye aiki, aka rufe hedikwatar, magana ta koma kotu. Hajiya ta ce wa masu kawo mata takardu kada su fasa shigar da ƙorafi, amma su riƙa aika kwafi ofishin babban lauyan jihar New York, kuma duk wanda ya ga jan rubutu a saman wasiƙa ya kawo ta a ranar da ta iso, kada ya jira Juma'a.